Har Ƙarfe Biyar da Rabi

Litinin, 10 ga Nuwamba, bayan abincin rana

Ruwa tun asuba, iska daga yamma. Tumaki lafiya lau, in ban da mai ɗingishin nan da ta sake tsallakawa gonar maƙwabcina Mossie.

Wannan littafin masu sayar da abincin dabbobi ke ba ni duk shekara, kuma ban taɓa rubuta komai a ciki ba sai yanayi da labarin tumaki. Yayata Attracta ce ta ce tunda bakina ya ƙi buɗuwa, to in buɗe wa takarda. Ita kuwa nata bakin tun da aka haife ta ba a samu wanda ya rufe shi ba.

Na ɗauko jikata Nessa daga gidan reno ƙarfe ɗaya. Shekararta uku saura kaɗan, amma in tana ba da umarni sai ka ce ita ta sayi gonar. Uwarta, 'yata Nuala, ba ta nan tun ƙarshen Satumba. Ranar da na raka ta can abu ɗaya ta roƙe ni. Ba ta ce in shayar da furanninta ba, ba ta ce in kira uban yarinyar da ke Ostareliya yana abin da ya ga dama ba. Ta riƙe hannun rigata ta ce, "Baba, wurin Nessa. Kar ka bari a ba wani."

Tun tana da cikin yarinyar ta sa suna a layin gidan reno, sai da Nessa ta fara tafiya aka kira ta. Gidan reno ɗaya ne a duk yankin nan. Gwamnati ke biyan kaso mai tsoka kai tsaye, sauran ana cira daga asusun Nuala, daga takwas da rabi har biyar da rabi, saboda aikinta a wurin likitan haƙori. In babu wurin nan babu aikin, kuma aikin suna ajiye mata.

To ni ina kai ta kullum, ban taɓa fashi ba. Ɗaukowa da wuri kuwa ai sauƙi nake yi wa kowa. Ni Malachy Geraghty ban taɓa cin abin gwamnati fiye da buƙatata ba, ba kuma zan fara da tsufana ba.

Talata, 11 ga Nuwamba, uku saura kwata

Nessa na barci a doguwar kujera. Ina jin numfashinta daga nan. Lafiya lau.

Alhamis, 13 ga Nuwamba, da yamma

A kanti mai kantin ta tambayi Nuala. Na ce tana birnin Galway wajen wani kwas. Ta ce, "Kwas ɗin da tsawo yake." Na ce ai ilimi ba ya ƙarewa. Ta ƙara mini burodi ɗaya ba ta karɓi kuɗinsa ba, ban san dalili ba.

Mun dawo ta hanyar coci. Ta fi tsawo amma ta fi kyau. Nessa ta ce, "Kaka, ina agwagi masu dogon wuya? Me ya sa ba ma bin hanyar tafki?" Na ce sun yi tafiya. Ta ce, "Kwas suka je?"

Juma'a, 14 ga Nuwamba, ƙarfe biyu

Raina a ɓace yake, bari in rubuta kafin ya huce.

Na je ɗaukar Nessa, sai Dympna mai gidan renon ta ce in shigo ofis. Dympna 'yar Tom Joe ce, ni na koya mata hawa jaki, yau ga shi tana zaunar da ni a kujerar yara gwiwoyina na taɓa haɓata.

Ta ce, "Malachy, ka san muna dannawa a na'ura lokacin da yaro ya shigo da lokacin da ya fita?"

Na ce na gani, ban ɗauka wani na karantawa ba.

"Ana karantawa. Nuala ta rubuta yini cikakke, kai kuma kusan wata biyu kana ɗauke ta ƙarfe ɗaya. Dokar tallafin ita ce in yaro ya daɗe yana yin ƙasa da awannin da aka rubuta masa, sai a yi gargaɗi. In aka ƙara wata guda a haka, sai a rage tallafin ya koma daidai da abin da yake yi. Gargaɗin ya zo."

Na ce, "Tsaya. Don na rage wa gwamnati nauyi shi ne laifina?"

"Ba ka rage wa kowa komai ba, sai dai ka rage wa Nessa. In suka mayar da ita rabin yini, ba zan iya ajiye mata yammacin a banza ba. Mutum nawa ke kirana kullum? Akwai wadda ta yi mini kuka a waya jiya. In na ba da yammacin, ya tafi ke nan, sai dai Nuala ta sake bin layi."

Na tambayi mafita. Ta ce biyu ne. Ko dai a cikin makonni huɗun nan Nessa ta yi mako ɗaya cikakke, Litinin zuwa Juma'a, har biyar da rabi, sai lissafin ya koma farko. Ko kuma, ta faɗa tana gyara takardun da ba su buƙatar gyara, in akwai rashin lafiya a gida, likita ya rubuto, ana iya neman a ƙara lokaci.

Na ce, "Babu mai ciwo a gidanmu."

Ta ce, "To. Mako ɗaya ke nan."

Mako ɗaya! Me ke cikin mako ɗaya? Na taɓa kwana goma a gindin tumaki masu haihuwa ban cire takalmi ba.

Asabar, 15 ga Nuwamba, da hantsi

Attracta ta zo da farfesun rago da dankali, ta tafi da rabin kunnena.

"Kai dai tun kana yaro haka kake. A ba ka alewa biyu ka mayar da ɗaya don a ce kai na kirki ne. To ga kirkin naka nan zai ci wurin yarinya."

Na ce, "Yaya, ba ki san komai a kai ba."

"Na san ka. Ya isa."

Ta hango rigar ruwan Nuala da ke rataye a rumfar tarakta, ta ce ba za a shigo da ita ba? Na ce a bar ta, ba ta gama bushewa ba. Ta kalle ni, ta kalli rigar, ta ce farfesun a ɗumama shi a hankali.

Lahadi, 16 ga Nuwamba, bayan na dawo

Na je can wurin Nuala bayan an tashi daga coci. Ta ƙara ɗan kumari, ta gyara gashinta. Mun sha shayi mara daɗi a kofin takarda, mun yi maganar ruwan sama. Tana ta juya kofin sannan ta ce, "Wurin Nessa fa?"

Na ce, "Lafiya lau."

Litinin, 17 ga Nuwamba, da yamma

Na yi niyya tsakani da Allah. Na ci abinci, na wanke kwano, na gyara ƙofar rumfa, na share abin da na share jiya. Karena Tip yana bina kamar na ci bashinsa. Wajen ƙarfe biyu gidan ya yi shiru irin wanda ba na so. Ban san sanda na ɗauki makullin mota ba.

Dympna ta danna na'urarta kawai. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Talata, 18 ga Nuwamba

Yau ma.

Laraba, 19 ga Nuwamba, a cikin mota, uku saura

Makon nan ya riga ya lalace, amma ina gwaji. Na faka a ƙetaren titi inda nake hango tagar ɗakin su Nessa. Ban shiga ba. Sanyi kamar zai cire mini yatsu. Ga kanta can, an ɗaure mata gashi a karkace.

Alhamis, 20 ga Nuwamba, da magariba

Na sake zama a mota. Yara sun gane ni, suka jeru a taga suna ɗaga mini hannu kamar wani baƙon gwamna. Attracta ta wuce za ta gyaran gashi, ta tsaya ta ƙwanƙwasa gilashi.

"Ɗan sandan ciki aka ɗauke ka, ko gidan ne ya kore ka?"

Na ce ina sauraron rediyo ne.

"Rediyon gida ya mutu?"

Na ɗaga gilashi.

Zan rubuta wannan sau ɗaya ba zan sake ba. Ba don gwamnati nake ɗauko ta ba, ba kuma don tausayinta ba, ita tana jin daɗinta a can. Ni ne ba na iya zama ni kaɗai a gidan nan in uku ta gabato. Ƙarfe uku ne aka kira ni ranar da abin ya sami Nuala. In yarinyar na kusa da ni tana zuba surutu, sai lokacin ya wuce ban ji ba. In ba ta nan, ina jin tsoro. Tsoho da ni, ina jin tsoron agogo.

Juma'a, 21 ga Nuwamba, da yamma

Ina zaune a mota sai ga Dympna da kofi biyu na shayi. Ba ta nemi izini ba, ta buɗe ƙofa ta ture jaridu da igiyar tumaki ta zauna.

"Iyayen yara sun fara tambaya wane ne tsohon da ke leƙen taga."

Na ce sun san ni sarai.

"Sun san ka, shi ya sa ni suka tambaya ba 'yan sanda ba." Ta kurɓi shayi. "Malachy, ciki dai ba zan iya barin ka ka zauna ba, sai an yi maka bincike, kuma kafin ya fito Nessa ta shiga jami'a. Amma doka awannin yarinya take ƙirgawa, ba ta ce komai game da inda kakanta zai tsaya ba. Ka ga katangar dutsen nan ta baya? Tun guguwar bara ta zube. Tana wajen shingen waya, filin coci ne, na yi wa Fada, limamin cocin, magana ya ce in na samu mai gyarawa ya gode. Babu ko sisi a ciki, in gaya maka tun yanzu."

Na ce katanga irin wannan ba aikin wasa ba ce, sai na duba.

"Duba mana. Daga ɗaya zuwa biyar da rabi nake so a riƙa dubawa."

'Yar Tom Joe ke nan. Ubanta ma haka ya sayar mini da saniya ina ganin ni na yi masa wayo.

Litinin, 24 ga Nuwamba, bayan na sa Nessa barci

Bayana na ciwo, yatsuna sun tsage, kuma rabona da jin daɗin yini irin na yau tun Satumba.

Wanda ya fara gina katangar nan Allah ya ji ƙansa, amma ya sa manyan duwatsu a sama ƙanana a ƙasa, sai ka ce da gangan. Na warware ta har tushe. Da aka fito da yara wasa suka manne a shingen waya suna ba ni shawara. Nessa ta gaya wa kowa, "Wannan kakana ne, kar wanda ya taɓa shi."

Uku ta yi ina neman dutsen da zai zauna a kusurwa. Na ji ƙararrawar coci, gabana ya faɗi, sannan na ɗaga kai na ga jar hularta. Na ci gaba da aiki.

Biyar da rabi na shiga ta ƙofar gaba kamar kowane mutumin kirki. Ban taɓa ganin wurin a wannan lokacin ba. Ashe da yamma suke yin waƙa da fenti, duk watannin nan ina hana ta. Ta nuna mini maratayin rigarta mai hoton tarakta, ta ce nata ne har abada.

Talata, 25 ga Nuwamba

Biyar da rabi. Dympna ta danna na'ura ta ɗaga mini gira.

Laraba, 26 ga Nuwamba, da yamma

Mossie ya kawo duwatsu a tirelar tarakta ba tare da na roƙe shi ba. Ya zube su ya tsaya yana kallon aikina hannu a aljihu.

"Ta karkace," in ji shi.

Na ce idonsa ne ya karkace, tun ranar aurensa.

Ya yi dariya. Har ya hau tarakta sai ya ce, yana kallon wani wuri, "Motar Nuala fa, in ba ana tada ta ba batirin zai mutu." Na ce na ji. Shi ya dawo da motar gida daga bakin tafki ranar da abin ya faru, ya ajiye ta bayan rumfa, ya sa makullin a tagar kicin. Ban taɓa yi masa godiya ba, don godiyar za ta ja magana. Makullin yana cikin gwangwanin shayin marigayiya matata, a saman kabad.

Alhamis, 27 ga Nuwamba, ƙarfe sha biyu

Zazzaɓi. Su da kansu suka kira ni in zo in ɗauke ta. Kwana uku cikakku sun tafi a banza, kuma wannan karon babu hannuna a ciki. Na ce wa Dympna wannan ai zalunci ne. Ta ce ita ba ta rubuta dokar ba, in kai yarinya gida in bar mata wa'azi.

Saura mako biyu.

Lahadi, 30 ga Nuwamba, da yamma

Nessa ta warware, ta cinye ƙwai biyu da rabin nawa. Na bar ta wurin Attracta na je can.

Nuala ta yi dariya yau. Wata mata a ɗakinsu ta koya mata saƙa, ta saƙa wani abu da ta ce hula ce. Na ce in an samu yaro mai kai uku zai dace. Dariyar ta fito irin ta dā, har da buga cinya. Na fita wajen ajiye motoci na daɗe ban tada mota ba.

Ta tambayi wurin Nessa. Na ce lafiya lau.

Laraba, 3 ga Disamba, da magariba

Wauta na tafka yau, wadda ko tunkiya ba za ta yi ba.

Litinin da Talata sun tafi daidai. Yau ina kan katanga, uku saura kaɗan, wayata ta yi ƙara. Na duba na ga lambar can ce. Ban ɗauka ba. Ban san yadda aka yi ba, na dai ga kaina a cikin gidan reno da takalmin roba duk taɓo, na sunkuci Nessa daga kan teburin fenti, hannunta shuɗi shar, tana ihu ba ta gama kifinta ba. Dympna na bina tana cewa, "Malachy, tsaya, mene ne?" Ban tsaya ba. Sai da na ɗaure yarinyar a kujerarta, na yi tafiya har ƙofar gida, na rungume ta a cinyata, sannan na iya kiran lambar.

Ma'aikaciyar jinya ce. Ta ce likita ya yarda Nuala ta zo gida ƙarshen mako, in komai ya tafi daidai kuma a sallame ta mako mai zuwa.

Na yi kuka, Nessa ta shafa mini shuɗin fenti a fuska tana cewa in yi shiru. Ina murna, ina kuma jin haushin kaina kamar in mari kaina. Saura mako ɗaya tak.

Alhamis, 4 ga Disamba

Na kai wa Dympna ƙwai dozin da haƙuri. Ta karɓi ƙwan.

Asabar, 6 ga Disamba, da yamma

Tana gida. Tana kicin yanzu haka tana faɗan na sauya wa tukwane wuri. Tip ya kusa karya wutsiyarsa.

Nessa da ta gan ta sai ta ɓuya bayan ƙafata tana leƙe. Nuala ta zauna a ƙasa ba ta kira ta ba, ta fito da hular nan ta sa wa kanta. Ba a jima ba yarinyar ta haye cinyarta tana ba ta labarin duniya. A cikin labarin har da cewa Kaka yana gina katanga a makarantarsu don kar ya ji tsoro. Wa ya gaya mata haka, ban sani ba.

Nuala ta ɗago ta kalle ni.

Lahadi, 7 ga Disamba, bayan na mayar da ita

A mota na gaya mata komai, ina kallon titi. Gargaɗin, makonni ukun da suka lalace, da ɗayan da ya rage. Na jira ta yi kuka ko ta yi faɗa. Sai da muka wuce gidan mai ta ce:

"Baba, me ka gaya wa mutane?"

Na ce kwas.

"Kwas!" Ta rufe fuska, na ɗauka kuka take, ashe dariya ce. "Mai kanti ta aiko mini da kati. Dympna ta aiko da zanen Nessa sau uku. Fada ya zo da kansa. Wane irin kwas ne Fada ke zuwa dubiya?"

Ta goge ido ta ci gaba.

"Gobe zan sa likita ya rubuta takardar. Amma kai za ka kai, kuma kai za ka faɗa mata da bakinka. Ni na gama jin kunyar abin nan, Baba. Na yi ciwo, ina warkewa. Kai kaɗai ka rage kana ɓoye ni."

Maganar ta shige ni. Na ce ba kunyarta nake ji ba, ko kusa. Na ce ina ganin in ban faɗa ba kamar bai faru ba. Ta ɗora hannunta kan nawa a kan giya ta ce, "Ya faru. Ga ni kuma."

Litinin, 8 ga Disamba, da yamma

Na faɗa. A kan kujerar yaran nan, hulata a hannu, na faɗa wa Dympna inda Nuala take da abin da ya kai ta. Ba zan rubuta a nan ba, faɗa ɗaya ya isa tsoho. Rufin ɗaki bai faɗo ba. Dympna ta ce, "Na gode, Malachy," kamar na ba ta labarin da ba ta sani ba, kuma na ga kirkinta a nan.

Ta ce za ta tura takardar, amma ba ta san ranar da za a amsa ba, kuma ba ta son jingina da abin da ba ya hannunta. "Makon nan shi ne a hannunmu. Ko sama za ta faɗo, kar in gan ka kafin biyar da rabi."

Yau an yi biyar da rabi.

Talata, 9 ga Disamba

Biyar da rabi. Katanga ta kusa ƙarewa. Na warware wani sashe na sake ginawa don bai yi mini ba. Mossie ya ce sashen nan ba shi da laifin komai, aikin ne ba na so ya ƙare. Na ce ya je ya kula da shanunsa.

Laraba, 10 ga Disamba, da magariba

An sallame ta. Attracta ce ta ɗauko ta, ni ina kan katanga, don Nuala ta ce in na kuskura na bar wurin sai ta koma. Wurin aikinta sun ce ta fara da rabin yini bayan sabuwar shekara, daga baya ta koma cikakke.

Alhamis, 11 ga Disamba, da yamma

Na ɗora dutsen ƙarshe wajen ƙarfe huɗu, duhu ya fara. Yara suka tafa. Babu sauran abin warwarewa, ko ni ba zan iya ƙirƙiro mata laifi ba.

Da na dawo na tarar rigar ruwan nan ba ta rumfa. Nuala ta wanke ta, ta shanya a kicin kusa da murhu. Ta ce riga ce mai kyau, ba ta ga dalilin barin wa ɓeraye ba.

Juma'a, 12 ga Disamba, ƙarfe ɗaya

Bayan abinci ta tsaya a gabana ta miƙo hannu.

"Makullin motata, Baba. Ni zan ɗauko ta yau. Likita ya ce zan iya tuƙi. Zan fara biyawa wurin aiki in gaishe su."

Na ce batirin ya mutu. Ta ce Mossie ya kawo na'urar caji tun jiya, makulli kawai ake jira. Na ce zan raka ta. Ta ce a'a. Na ce to ta bi hanyar coci, ta fi kyau.

"Hanyar da ta fi kusa zan bi."

Na hau kujera na sauko da gwangwanin shayin. Murfin ya suɓuce mini ya faɗi. Ta karɓa, ta sumbaci saman kaina inda babu gashi, ta fita. Na ji motar ta tashi.

Juma'a, uku saura kwata

Ni da Tip. Babu katanga, babu yarinya, babu mota a bayan rumfa. Makullin tawa motar yana kan tebur ina kallonsa. In na tashi na je, na karya makon, na kuma gaya wa 'yata ban yarda da ita ba.

Na ɗora buta a wuta.

Juma'a, uku da kwata

Uku ta wuce. Ina nan zaune. Shayin ya huce ban sha ba, zan dafa wani.

Juma'a, bayan shida

Fitilun mota suka haska tagar kicin, na yi maza na zauna na buɗe jarida kamar mai karatu. Nessa ce ta fara shigowa da gudu, jar hula a karkace, rigar fenti a hannu. Nuala na bayanta da jaka, ta ce Dympna ta ce a gaya mini mako ya cika, ta danna da hannunta, wurin Nessa na nan, kuma akwai wata ƙofar lambu da ke neman gyara in na ga ina da lokaci.

Na ce sai na duba.

Nessa ta ja jaridar ta haye cinyata ta kama kunnuwana biyu.

"Kaka, ƙarya ka yi! Agwagi masu dogon wuya ba su je kwas ba. Mama ta tsaya a bakin tafki ta haska musu fitila, mun gan su suna barci. Mun ce musu sai da safe, muka taho gida."